Tasar Ruwa ta Biyu

Asabar, 2 ga watan Jadi na hunturu, bayan la'asar

Sun manna takarda a ƙofar hamam. Anargul ce ta ganta da ta zo buɗewa, ta kira ni in karanta mata, don duk shekarun da ta yi tana tsaron ƙofa da takalman mutane ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Takardar ta ce daga yammacin ranar Alhamis, ashirin da ɗaya ga wata, an rufe gidan wankan mata. Ba a faɗi dalili ba. Anargul ta ce ƙila sai yanzu suka gano mata ma suna da jiki a ƙarƙashin mayafi. Na yi mata dariya, amma iya baki ta tsaya.

Shekara ashirin da shida ina gurza bayan matan Herat da kisa, safar nan mai kaushi da ta cinye mini tafin hannu. Amma ba aikin nake tunani ba. Yau jaririyar 'yata Mursal kwananta goma sha biyu. Ranar da za a rufe, kwananta talatin da ɗaya, saura tara a yi wankan arba'in. Daga wankan nan ne ake wucewa da mai jego gidan ubanta ta huta mako guda. In babu wankan, ba su da dalilin barinta ta fito. Ita kaɗai ce 'yata, kuma ina so ta fito daga gidan nan da ƙafafunta.

Littafin nan ma nata ne. Rabinsa darasi ne da rubutunta mai kyau, sai aka rufe makarantarsu, sauran ya zauna fari. Ni da na tsaya a aji biyar nake cike mata shi.

Lahadi, 3 ga wata, da hantsi

Famfo ya daskare. Mijina, Baban Jawid, ya zubar da shayi a bargo. Na wanke.

Litinin, 4 ga wata, bayan azahar

Ɗana Jawid ya kira daga Mashhad, inda yake ɗaukar bulo. Na kara wa ubansa wayar a kunne, ya yi ta gurnaninsa, ni kuma ina fassarawa. Tun da ciwon nan ya kayar da shi shekara huɗu da suka wuce, bakinsa ya karkace, ba mai gane maganarsa sai ni. Limami ya zo ya kasa, likita ma ya kasa. Ni kuwa shekara talatin ina sauraron muryar nan tun daga bakin ƙofa don in san irin yinin da zan yi, ta yaya zan kasa ganewa?

Ɓangaren dama ne ya mutu, har da hannun. Ba zan ce komai a kan hannun nan ba. Allah ya san abin da yake yi.

Ban gaya wa Jawid zancen ƙanwarsa ba. Me zai yi daga can?

Laraba, 6 ga wata, kafin magariba

Mutum goma sha ɗaya na gurza yau, kafaɗata kamar ba tawa ba.

Matar da ta koya mini aikin nan abu ɗaya ta nanata mini. Ta ce za ki ga abubuwa a jikin mata, hannunki ya zagaye wurin ya wuce, bakinki kuma ya zauna. Shi ya sa suke miƙo mana baya. Na riƙe wannan kamar salla. Na san matakalar gidaje da yawa a unguwar nan, don duk wadda na gani da shati a jiki, a matakala ta faɗi.

Akwai kuma abin da kowace mai kisa ta sani. In kin ɗebo ruwa a tasa kina kwarara wa mace a ka, ƙarar ruwan tana rufe magana. Wadda ke zaune a gefenku ba ta jin komai. Tasa ɗaya tana ɗaukar kalma biyar ko shida. A nan mata suke faɗin abin da ba sa faɗa ko a kan sallaya.

Zuwan Mursal na ƙarshe, cikinta wata takwas. Surukarta, Bibi Haji, tana zaune dab da mu tana cin lemo. Na zagaye wurare uku a bayan 'yata, da ɗaya a wuya. Na ɗebo ruwa na kwarara, sai ta kira ni yadda muke kiran uwa, ta ce, "Madar, ya ce in mace ce..." Ruwan ya ƙare. Ta ɗago ido tana jira in sake ɗebowa. Ni kuwa na ajiye tasar na ɗauki sabulu.

Tsoro na ji. Ban so in ji ƙarshen maganar ba, don in na ji dole in yi wani abu. Ga shi mace aka haifa.

Juma'a, 8 ga wata, bayan la'asar

Na dafa leti, kunun nan na masu jego, na zuba man shanu da yawa, na kai. Bibi Haji ta tarbe ni da fara'arta ta kasuwa. "Uwar Jawid, kin sha sanyi, shigo ki ɗuma ƙafa." Muka zauna a sandali, teburin nan na jin ɗumi, bargo har ƙugu, garwashi a ƙarƙashi. Mursal tana can ɗaya gefen, mayafi naɗe har haɓa. Da hagu ta karɓi shayi. Na ce lafiya? Bibi Haji ta amsa mata, wai ɗaukar jaririya ne ya gajiyar da hannun.

Na kawo zancen wanka. Ta ce tunda an rufe hamam sai a yi a gida a cikin baho, ruwa ai ruwa ne. Na ce zuwa gida fa? Ta ce sai sanyi ya wuce, in ɗanta ya yarda. Wayar Mursal kuma wai ta lalace.

Ko minti ɗaya ba ta bar mu mu kaɗai ba. Da mutumin, mijinta, ya shigo tsakar gida, ban ga fuskarsa ba, tarinsa kawai na ji. Na ga kafaɗun Mursal sun ɗaga. Na san wannan ɗagawar, a jikina ta koye ta.

Jaririyar sunanta Hadiya. Tana da hancin uwata.

Asabar, 9 ga wata, da safe

Ba komai. Na gaji.

Litinin, 11 ga wata, bayan azahar

Na gaya wa Baban Jawid. Ina ba shi romo na ce 'yarka tana cikin wahala, ka aika a kawo ta, maganar uba ce kaɗai za su ji. Ya tauna gurasarsa a hankali, ya haɗiye, sannan ya ce mace gidan mijinta. Na ce cikin farko ma da ya zube ba matakala ba ce. Ya ce ta yi haƙuri.

Raina ya ɓaci. Amma da wane baki zan zarge shi? Shekarar farko da aurenta ta zo mini da leɓe a kumbure, na sa mata man zaitun, na ce duk haka muka yi, 'yata, in kin haihu zai sauko. Na ƙulla mata busasshen inabi a ɗankwali na raka ta har bakin titi. Da ƙafata na raka ta.

Talata, 12 ga wata, da hantsi

Dusar ƙanƙara. Mata huɗu kawai suka zo. Na zagaye wuri biyu.

Alhamis, 14 ga wata, bayan la'asar

Anargul ta kama ni ina kuka a ɗakin ajiye kaya. Na ce sabulu ne ya shiga mini ido. Ta ce, "Nafasgul, shekara ashirin da shida sabulu bai san hanyar idonki ba sai yau?" Sai na gaya mata. Karon farko ke nan da na faɗa wa wani abin da na gani a jikin wata.

Ta ci gaba da jera takalma. Can ta ce duk masu jegon unguwar suna ta rububin yin wankan arba'in kafin a rufe, mai kwana ashirin, mai kwana talatin, kowa so take a ce an yi mata a hamam. Ta ce Bibi Haji ba ta tsoron Allah sosai, amma tana tsoron bakin mata. In bar mata sauran.

Ban san me za ta yi ba. Ban san me ni zan yi ba in sun zo.

Asabar, 16 ga wata, da magariba

Anargul shaiɗaniya ce, Allah ya yafe mini. Duk wadda ta miƙo mata takalmi sai ta ce, kin ji surukar Bibi Haji ita kaɗai za a wanke a baho kamar tumatir? Wai ko gidan ne ba hali, ko kuwa akwai abin da ake ɓoyewa? Kafin azahar maganar ta kai layin masu gurasa.

Litinin, 18 ga wata, bayan azahar

Bibi Haji ta zo, fuska a ɗaure. Ta ce ni take so in gurza ta, kamar kullum. Na san bayan matar nan tun tana da ƙuruciyarta. Akwai tabo a ƙarƙashin kafaɗarta ta hagu, na bakin ƙarfen murhu. Ina nan lokacin da yake ɗanye, mijinta yana da rai. Na zagaye shi a lokacin, yau ma na zagaye shi ko da ya warke tun tuni.

Da na ɗebo ruwa ina kwarara mata, sai ta ce, "Zan kawo ta Alhamis." Na sake ɗebowa. Ta ce, "Ke dai mun san hannunki ba ya magana."

Na ce haka ne, Bibi Haji.

Ba mugunta kawai na gani a fuskarta ba, har da yarda. Ta yarda da ni fiye da yadda ta yarda da 'yan'uwanta. Wannan ne ya fi damuna.

Laraba, 20 ga wata, da safe

Ban iya cin komai ba. Na wanke tasa har sau uku. In na yi magana, duk matan da suka ba ni baya shekara da shekaru za su ce ashe haka take. In ban yi ba, gobe ne gani na ƙarshe.

Na gaji.

Alhamis, 21 ga wata, bayan magariba

Bari in rubuta.

Ban taɓa ganin hamam ya cika haka ba. Mata sun fi sittin, da yara, da dafaffen ƙwai da lemo kamar ranar salla. Wasu suna waƙa ƙasa-ƙasa, wasu suna kuka a kan gini kawai. Tururi ya yi yawa har ba ka ganin bango. Bibi Haji ta shigo da Mursal wajen hantsi, ta miƙa wa Anargul jaririyar a ɗakin kaya saboda zafi, ta ja 'yata can lungun da babu haske. Kowa zane a ƙugu, Mursal kaɗai nata har wuya. Bibi Haji ta zauna a gefenmu ta fara ɓare lemo.

Na ɗebo ruwa na kwarara. Na ce, faɗi. Ta ce, "Madar, ba zan kai bazara ba."

Ruwan ya ƙare. Na ji tasar ta yi mini nauyi kamar turmi. Na sake ɗebowa. Na ce kina so ki zo gida? Ta ce, "Ina so. Amma ba zai bari ba."

Ban ɗebo ta uku ba. Na kama hannunta na hagu, na tashe ta, na ja ta zuwa tsakiya inda haske yake saukowa daga tagar rufi. Bibi Haji ta ce ina za ki da ita? Ban waiwaya ba. Na zare zanen daga kafaɗunta, na juya bayanta ga jama'a.

Ba zan rubuta abin da ke bayan nan ba. Mata sittin sun gani, ya isa. Abin da zan ce kawai, wasu sun yi rawaya, wasu na jiya ne, kuma duk wadda ta taɓa ganin wayar wuta ta gane shatinta. Mace mai jegon kwana talatin da ɗaya.

Na ce, "'Yan'uwa, ga aikin da aka kawo mini yau. Ku gaya mini ta ina zan fara gurzawa."

Bibi Haji ta taso da ɓawon lemo a hannu ta ce faɗuwa ta yi a matakala. Wata tsohuwa, matar wakilin unguwa, wadda haƙori biyu suka rage mata, ta ce, "Ashe matakalarku irin ta gidan mijina na fari ce. Da ya mutu na daina faɗuwa." Ba wadda ta yi dariya. Wata ta tashi ta zo ta tsaya kusa da Mursal, sai wata, sai wata.

Bibi Haji ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Kin ci amanar sana'arki, Uwar Jawid." Na ce sana'ar yau aka rufe ta.

Matar wakili ta ce an yi wankan arba'in, kowa shaida ne, mai jego kuma daga wanka gidan ubanta take zuwa, haka aka saba tun kafin a haifi ɗan Bibi Haji. Bibi Haji ta duba ko'ina ba ta ga fuskar da za ta tsaya mata ba. Na ɗauka za ta riƙe jaririyar. Sai ta ce mu tafi da ita, ai mace ce. Ban taɓa jin daɗin wannan kalma ba sai yau.

Na wanke 'yata a tsakiyar nan, da tafin hannu, ba kisa. Mu goma sha biyu muka fito tare, duk cikin shuɗin lulluɓi iri ɗaya, ba mai iya cewa ga wacce ce. Suka raka mu har ƙofa. Anargul ta kulle hamam ta biyo mu da makullin a hannu, ba ta san wa za ta ba ba.

Juma'a, 22 ga wata, da hantsi

Tana barci. Tun jiya take barci. In Hadiya ta yi kuka sai in kara mata ita a ƙirji, ta sha, uwar ba ta ko buɗe ido.

Lahadi, 24 ga wata, bayan azahar

Mata biyu sun wuce ni a layin gurasa ba su gaishe ni ba. Na san bayansu duka biyun, na san dalili. Wata kuma ta ajiye ƙwai shida a bakin ƙofa ta tafi, ban ga ko wace ce ba.

Mursal ta shiga ta gaishe da ubanta. Ya dube ta, ya dubi bango.

Talata, 26 ga wata, kafin magariba

An aiko. Ranar Alhamis mako ya cika, za su zo ɗaukarta, mutumin da baffansa da wakilin unguwa. Wai za su ji ta bakin uba, abin da ya ce shi ke nan.

Na durƙusa gaban Baban Jawid. Shekara talatin ban taɓa roƙonsa komai don kaina ba, ko ranar da ya karya mini haƙarƙari. Na ce ka ga hannunta, in kana so in nuna maka bayan. Ya ce na kunyata shi a gari. Ya ce ta koma.

Na tashi na juya shi ɗaya gefen saboda gyambon kwanciya, na shafa masa mai.

Laraba, 27 ga wata, da safe

Mursal ta ga littafin nan. Ta buɗe rabin farko ta daɗe tana kallon rubutunta. Ba ta buɗe nawa ba. Ta ce, "Madar, in ya ce in koma, ki riƙe Hadiya." Na ce je ki sha kununki.

Alhamis, 28 ga wata, bayan la'asar

Sun zo bayan azahar. Na jingina Baban Jawid da matashi uku, na sa masa rawaninsa, na goge masa yawu. Suka zauna kewaye da sandali. Ni ina bayan labule, Mursal tana bayana da jaririya, ina jin numfashinta a wuyana.

Baffan ya yi dogon bayani a kan zumunci da mutuncin gida da yadda mata suke zuzuta ƙaramin abu. Mijin Mursal, Ƙayum, bari in rubuta sunansa sau ɗaya, yana ta jan carbi. Sai wakili ya juya ga Baban Jawid ya ce, "Kai ne uba. Ta koma ko ta zauna?"

Ya buɗe baki ya yi gurnaninsa. Kalma uku ce. Na ji su sarai.

Wakili ya ce, Uwar Jawid, me ya ce?

Na ce, "Ya ce 'yarsa tana gidan ubanta, ba inda za ta."

Baban Jawid ya ɗaga murya, fuskarsa ta yi ja, ya bugi bargo da hannun hagu har shayi ya zube. Baffan ya ce to wannan kuma fa? Na ce, "Ya ce ya rantse, kuma kada a sake tambayarsa."

Wakili ya daɗe yana kallon labulen. Na tabbata matarsa ta ba shi labarin abin da ta gani. Ban san abin da ya gane ba, ban kuma so in sani. Ya shafa gemu ya ce maganar uba ce, kowa ya ji, kuma mutumin ba shi da lafiya, kada a tayar masa da hankali. Mijin Mursal ya tashi bai yi sallama ba. A bakin ƙofa baffan ya ce maganar ba ta ƙare ba. Na san ba ta ƙare ba. Za su dawo, ko wata mai zuwa ko bayan salla, kuma duk ranar da suka dawo ni ce dai mai fassara.

Shekara ashirin da shida ina gani ban faɗa ba, yau na faɗi abin da ban ji ba. Na yi istigfari, amma ban ji nadama ba, sai gajiya.

Da suka tafi Mursal ta ce a hankali, "Madar, ni ma ina gane maganar Baba. Na ji abin da ya ce." Na ce na sani. Ta kwantar da kanta a kafaɗata, wadda ke ciwo, ban ce ta ɗaga ba.

Na ɗumama romo na kai masa. Na ɗebo a cokali na kai bakinsa, ya datse haƙora yana kallona da idon nan da na sani. A da in ya yi mini wannan kallon, sai in ajiye abin da ke hannuna in fice. Yau na gyara zama na riƙe cokalin a inda yake. An rufe hamam, ba inda zan je. Romon ya fara hucewa kafin ya buɗe bakin.